Jagora ga malaman jeyoloji: yadda ake koya wa ɗalibai aiki tare, daga aji har fili

Ɗalibin jeyoloji a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a makarantar EMIG ta ma'adinai da jeyoloji yana shafe shekarunsa ana jarraba shi shi kaɗai, da takardarsa da alƙalaminsa. Ranar da ya kama aiki, ko a ma'adinan uraniyom na Arlit, ko a rijiyoyin man Agadem, ko tare da masu haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, a ƙauye, ba zai sake yin komai shi kaɗai ba. Wani zai auna, wani ya rubuta, wani ya zana taswira, kuma kuskuren kowannensu zai faɗa kan sauran. Yawancin malamai sun san haka, shi ya sa suke raba aji rukuni-rukuni su ce a kawo rapor. Sai dai raba mutane rukuni ba koyar da aiki tare ba ne. Abin da kan biyo baya sananne ne: ɗaya ya kwana yana rubutu, uku su sa suna a bango. Tun a 1913 wani injiniyan Faransa, Ringelmann, ya nuna cewa idan mutane suka taru suna jan igiya, ƙarfin da kowanne ke sawa raguwa yake yi gwargwadon yawansu. Maganin abin shi ne a tsara aikin yadda ba mai iya gama shi ba tare da ƴan uwansa ba, kuma ba mai iya ɓuya a bayansu.

Mataki na farko: haɗa rukuni

Malam ne zai haɗa, ba ɗalibai ba. In aka bar musu zaɓi, abokai za su manne da juna, ƴan gari ɗaya su haɗu, masu ƙoƙari su tattaru wuri guda, a bar ragowar su yi ta laluben hanya. Mutum 4 shi ne daidai. Uku sun yi kaɗan, da zarar ɗaya ya kwanta zazzaɓi aiki ya tsaya. Daga 6 zuwa sama kuwa, dambu ya yi yawa ba ya jin mai: busol, wato na'urar nuna arewa da auna kusurwa, ɗaya ne, guduma ɗaya ce, sauran sun zama ƴan rakiya.

Wajen haɗawa a duba abu uku. A gauraya masu ƙarfi da masu rauni, amma kada a haɗa na farkon aji da na ƙarshe su biyu rak a tsakiyar rukuni, don na farkon zai karɓe komai ne kawai. A tabbatar kowane rukuni yana da mai jin harshen wurin da za a je, Zabarmanci a kewayen Yamai, Hausa a Adar. Sannan ɗalibai mata, da yake sau da yawa su ne ƙalilan a ajin, gara a sa su biyu-biyu da a warwatsa su ɗaya-ɗaya. Mace ɗaya cikin maza uku, ko ba da mugun nufi ba, ita ake miƙa wa alƙalami a ce rubutunta ya fi kyau, ta gama lisans ba ta taɓa fasa dutse da hannunta ba.

Rukunin ya zauna yadda yake har ƙarshen zangon karatu. Makonnin farko na kunya ne da lallaɓa juna, saɓani sai daga baya yake fitowa, kuma a cikin saɓanin ne darasin yake. Wanda ke sauya rukuni kowane aiki yana raba ɗalibai da wannan darasi.

Mataki na biyu: yarjejeniya a rubuce

Tun ran gini tun ran zane. A zaman farko a ba kowane rukuni minti 30 su rubuta shafi ɗaya, kowa ya sa hannu, malam ya riƙe kwafi. A ciki su faɗi ranar haɗuwa da wurin, minti nawa za a jira wanda ya makara, awa nawa mutum ke da su ya amsa saƙo a zauren WhatsApp na rukuni, inda za a riƙa ajiye hotuna da awo, da abin da za a yi wa wanda ya kasa kawo rabonsa sau biyu. A ƙi karɓar magana irin "za mu girmama juna". A ce su mai da ita abin da ido ke gani, kamar "ba mai katse mai magana", ko "duk awo sai mutum biyu sun tabbatar".

Mataki na uku: gwaji kafin fita

Fili wuri ne mai tsada: kuɗin mota, mai, abinci, ga rana. Ba nan ya kamata ɗalibai su fara koyon sauraren juna ba. Zama uku na aikin gwaji sun isa.

Na farko gwajin bayanin dutse ne. Ɗalibai biyu su juya wa juna baya. Ɗaya yana riƙe da samfur, ɗayan yana gaban tire mai duwatsu 10, a cikinsu akwai ɗan uwan wancan. Mai riƙe da samfur ba zai faɗi sunan dutsen ba, sai siffarsa: launin fuskar da aka fasa, girman ƙwayoyi, ko wuƙa na kartarsa, ko yana tafasa da asid. Nan take ɗalibi ke gane cewa "wani jan dutse mai nauyi" ba bayani ba ne, tunda duwatsu huɗu a tiren sun amsa wannan suna.

Na biyu gwajin busol. A jingina allon katako a farfajiya, kowa ya auna miƙarsa da karkatarsa a asirce, ya rubuta, sannan a buɗe tare. In bambancin ya wuce digiri 5, su nemo dalili da kansu. Dalilan ba su da yawa: waya a aljihun gaba, guduma ko mota kusa da allura, busol da ba a daidaita shi kwance ba, ko karanta gindin allura a madadin kanta, wanda ke kawo kuskuren digiri 180. A wannan zama kuma a shimfiɗa mita 50 kowa ya ƙirga takunsa sau uku, ya rubuta a shafin farko na karnensa, wato littafinsa na rubutun fili.

Na uku shi ne mafi amfani, kuma ya samo asali daga dabarar da Elliot Aronson ya fara a Amurka a 1971, ta raba ilimi gutsure-gutsure. A ba kowane ɗalibi bayanin foraj ɗaya daga cikin huɗu da ke jere a layi guda: tsayin bakin rijiya, zurfin kowace shimfiɗar ƙasa ko dutse, inda aka iske ruwa. Doka ita ce ba mai miƙa takardarsa ga wani, da baki za a faɗa. Aikinsu su zana kup ɗaya, wato zanen cikin ƙasa kamar an yanka ta daga sama zuwa ƙasa, da ya haɗa rijiyoyin huɗu, su nuna inda za a haƙa ta biyar da zurfin da za a yi tsammanin ruwa. Minti 15 kowa ya karanci tasa, minti 45 na zane tare, minti 20 rukunoni su zagaya su duba na juna. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera rijiyoyin kamar bakinsu duk a tsayi ɗaya yake. Malam ya yi shiru ya bar shi ya faru. Idan shimfiɗar yumɓu ta fito a karkace ba dalili, wani a cikinsu zai tambaya, kuma sau da yawa wanda bai cika magana ba ne ke riƙe da lambar da ta warware matsalar.

Mataki na huɗu: rabon aiki a fili

Fitar farko ta zama ta rabin yini, kusa da gida. Yamai ta yi sa'a a nan: a tsallaken kogin Isa, ɓangaren Harobanda inda jami'ar take, tuddai irin su Trois Sœurs suna nuna duwatsun yashi da yumɓu na jerin shimfiɗun da ake kira Continental Terminal da hular marmara a kansu, a bakin kogi kuma ana ganin tsohon dutsen gindi na yankin Liptako mai shekaru sama da biliyan 2, wani wurin ya ruɓe ya zama farin yumɓu.

Muƙami huɗu ne. Mai taswira yana riƙe da GPS da taswirar rukuni, shi ne ke cewa "muna nan". Mai busol yana awo. Mai guduma yana fasa dutse, yana riƙe da lup mai ƙara girma sau 10 da kwalbar asid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, shi ke sa samfur a leda. Mai takarda yana cika takardar rukuni, yana duba agogo, yana tuna wa mutane shan ruwa. Ana juya muƙaman duk bayan tasha biyu (tasha ita ce wurin da dutse ya fito fili aka tsaya a kansa), kuma a rubuta sunan mai kowane muƙami a takardar, don malam ya gani ko an juya da gaske. Ban da wannan, kowa yana da karnensa na kansa, da fensir yake rubutu don gumi na wanke tawada.

A kowace tasha, ga yadda minti 30 za su tafi. Minti 5 na farko shiru ne. Kowa ya ja baya kamar taku 10, ya dubi fuskar dutsen gaba ɗaya, ya yi ɗan zane a karnensa da ma'auni da alamar arewa. Wannan shirun shi ne gishirin aikin. In babu shi, wanda ya fara buɗe baki ya ce "dutsen yashi ne", shi ke nan idon kowa ya rufe a kan dutsen yashi.

Sannan a yi magana bi da bi, ƙarami ko wanda ya fi kunya ya fara, babba ya rufe. Wannan tsari yana da muhimmanci a wurinmu, domin a aji ɗaya akan samu yaron da ya fito daga lise kai tsaye da ma'aikaci magidanci da ya dawo ƙarin karatu. Tarbiyya ba ta barin ƙarami ya ƙaryata babba a gaban mutane, kuma ba aikin malam ba ne ya rushe tarbiyyar. Aikinsa ya ba su hanyar da gyara zai wuce ba tare da raini ba. A koya musu kalmomin da kansu: "Yaya, ni 42 na samu, ko mu sake aunawa tare?" Babba kuma ya saba da amsa "To, zo mu gani." Dutsen ne ake tambaya, ba mutumin ake tuhuma ba.

Bayan haka sai awo. Mai busol ya faɗi lamba da ƙarfi, mai takarda ya maimaita ta da ƙarfi kafin ya rubuta, mai busol ya ce "haka ne". A cikin iskar hunturu sha uku da talatin da uku ba su da wuyar rikicewa a kunne. Mai guduma ya fasa dutse har ya samu sabuwar fuska, domin fatar waje rana da ƙura sun sauya mata launi, ya zagaya da gutsuren kowa ya duba da lup. Lambar samfur ta ƙunshi rukuni da tasha da jeri, misali R3-T07-2, a rubuta ta a jikin leda da kuma ƴar takarda a ciki. Kafin a tashi, mai takarda ya karanta abin da ya rubuta, a tambaya ko akwai mai ja. Ba a barin tasha da niyyar "ma cika da dare".

GPS kuwa, tun a gida a daidaita na kowane rukuni iri ɗaya, a kan tsarin WGS 84 da UTM, wanda ke ba da wuri da mita. Rukuni ɗaya da ya ɗauki digiri da minti yayin da sauran ke ɗaukar mita ya isa ya ɓata wa aji duka dare guda.

Mataki na biyar: doguwar fita zuwa Adar

Jihar Tawa aji ce a buɗe. Tuddan Adar, wajen Keita da Buza da Madawa da kwarin Majiya, suna nuna shimfiɗun da teku ya bari lokacin da ya ratso Sahara: yumɓu, da farin dutsen kalker (dutsen farar ƙasa) na zamanin Paleyosen, tsakanin shekaru miliyan 66 da 56 da suka wuce, mai ɗauke da ƙwaryar halittun ruwa, sannan jajayen duwatsu masu ƙarfe a sama. Kalker ɗin ne masana'antar siminti ta Malbaza ke ci. Da yake shimfiɗun kusan a kwance suke, aikin da ya fi dacewa shi ne kowane rukuni ya hau gangaren tudu ɗaya daga gindi zuwa kai, yana auna kaurin kowace shimfiɗa, ya zana log ɗinsa, wato zanen jerin shimfiɗun daga ƙasa zuwa sama, a ma'aunin 1/100, wato santimita 1 a takarda mita 1 ce a ƙasa.

A nan aiki tare ke hawa mataki na biyu, tsakanin rukuni da rukuni. A yanka wa kowa yankinsa yadda zai shiga na maƙwabcinsa kamar mita 200. Da dare dole iyakokin taswirorinsu su haɗu, kuma log ɗinsu su jeru a kan shimfiɗa ɗaya da kowa ya yarda ita ce alama. In iyakar kalker ta zo bakin takardar rukuni na 2 ta ƙi shiga ta rukuni na 3, gobe da safe mutum ɗaya daga kowanne su je wurin tare. A kula kuma: layin digiri 6 na gabas ya ratsa gabashin Adar, kusa da Madawa da Buza. Yamma da shi yankin UTM na 31 ne, gabas da shi na 32, kuma GPS na sauya yanki da kansa. A umurci masu taswira su rubuta lambar yankin a kowace tasha.

Lokacin fita daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, gajiyayye kuma ba ya sauraren kowa. Kowane mutum lita 4 zuwa 5 ta ruwa a yini, a fara aiki da sassafe, a sauka kafin azahar, a koma bayan la'asar in da hali. Mai kula ɗaya, ko da ɗalibin mastar ne, kada ya wuce rukuni 3 ko 4. Takardar izinin tafiya da sanar da hukumomin yankin wajibi ne, kuma a bi shawararsu kan inda za a je da inda ba za a je ba. Kafin a taɓa dutse a gaida mai gari, a faɗi abin da ya kawo ku. Baƙi masu guduma da leda, mutane kan ɗauka zinariya suke nema. A bar ɗalibai su yi wannan bayani da bakinsu, malam na gefe.

Tsaron lafiya ma rabon aiki ne. Ba mai tafiya shi kaɗai. Mai guduma ya sa tabarau, sauran su kau da fuska. Ba mai tsayawa ƙarƙashin wanda ke hawa gangare. Dutse da ƙafa ko guduma ake fara juya shi saboda kunama da maciji. Kowa yana da wanda yake lura da shi: in ya ga ya daina gumi, ko maganarsa ta fara rikicewa, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a kira mai kula nan take.

Kowane dare, bayan an daidaita karne da karne, rukuni ya ɗauki minti 10 kan tambaya uku: me ya tafi daidai yau, ina muka ɓata lokaci, me za mu sauya gobe. Abu ɗaya tak za su zaɓa su sauya, su rubuta shi. Washegari malam ya tambaye su a fili ko an yi.

Mataki na shida: idan rigima ta tashi

Saɓani kan dutse alheri ne, a koya musu yadda ake cin moriyarsa. Wani ya ce kalker ne, wani ya ce dutsen yashi ne da kalker ya ɗaure ƙwayoyinsa, ga shi duka biyun suna tafasa da asid. Ba a ƙuri'a a kan wannan. A rubuta ra'ayin biyu da sunan masu su, a tambaya wane gwaji zai raba gardama. Wuƙa na kartar kalker cikin sauƙi, ƙwayar yashi kuwa ita ke kartar gilashi, kuma bayan tafasar ta lafa lup zai nuna ko yashi ya rage. In fili bai raba ba, samfur ya tafi ɗakin gwaji da ra'ayoyin biyu a kansa.

Saɓani kan hali shi ne mai wuya. Ci-ma-zaune kowa ya san shi, amma kafin a yanke masa hukunci a bincika. Wani ba lalaci ba ne: bai iya busol ba yana jin kunyar faɗa, ko yana kabu-kabu da dare don ya ci abinci. Mai babakere, wanda ke karɓe aikin kowa don yana tsoron makinsa, ɓarnarsa ta fi ta ci-ma-zaune, kuma malamai kan yaba masa maimakon su tsawata. Maganinsa a ba shi muƙamin mai takarda, a hana shi taɓa guduma da busol na rabin yini, aikinsa tambaya da rubutu.

Shigar malam hawa-hawa ce. Da farko rukuni ya koma ga yarjejeniyarsa. In bai yi ba, malam ya zauna da su huɗun, kowa ya faɗi abin da ya faru da rana da wuri, ba halin mutum ba: "ran Talata ba ka kawo log ba", ba "kai malalaci ne" ba. A sa wa'adin mako ɗaya da aiki takamaimai. Raba rukuni shi ne na ƙarshe. Amma cin zarafi, musamman ga ɗaliba, ba ya bin wannan tsani, malam ke ɗaukarsa da kansa a ranar.

Mataki na bakwai: maki

Ɗalibi yana karanta tsarin maki fiye da yadda yake sauraren nasiha. In maki ɗaya ne ga kowa, an koya masa ɓuya. Rabon da ke aiki shi ne kashi 50 ga taswira da rapor na rukuni, kashi 30 ga karnen mutum, kashi 20 ga tambayar baki. A sanar da wannan tun ranar farko.

Kason rukuni ana gyara shi da shaidar ƴan rukuni. Kowa ya raba maki 100 ga sauran ukun a asirce, da layi ɗaya na dalili ga kowanne. Abin da mutum ya tara a raba shi da 100, a ninka da makin rukuni. Rukunin da ya ci 14 bisa 20, wanda ya tara 110 zai samu 15,4, mai 105 ya samu 14,7, mai 100 ya tsaya a 14, mai 85 ya sauka 11,9. A sa iyaka daga 0,8 zuwa 1,1 don kada gaba ko abota su yi ɓarna. A yi shi sau biyu: na tsakiyar zango ba ya shiga maki, gargaɗi ne da ke ba mutum damar gyarawa. Da yawa za su raba daidai-wa-daida saboda kara. Kada a tilasta musu, karne da tambayar baki za su fito da abin da kara ta rufe.

A ranar gabatar da rapor, ƙuri'a ce ke zaɓen wanda zai yi bayanin kowane ɓangare, kuma ana tambayar mutum kan ɓangaren da ba shi ya rubuta ba. A ɗora yatsa a kan wata tasha a taswira, a ce ya buɗe karnensa a wannan shafi, ya ɗauko ledar samfurin daga cikin kwali, ya faɗi wa ya riƙe busol a wurin da dalilin da ya sa aka ja iyakar shimfiɗar a nan ba can ba.